Yadda Za Ka Ƙwato Yininka Daga Hannun Ayyukan Gaggawa

Ƙarfe biyar da rabi na yamma, ofis ya fara watsewa, ana ta mayar da kujeru ana kashe fitilu. Na janyo takardar da na rubuta da safe na duba. Abu na farko a kanta shi ne rahoton da ake jira ranar Alhamis, kuma yana nan yadda na bar shi: kan magana da layi biyu. Allah ya sani ban huta ba tun safe. Na amsa saƙonni, na shiga zama har biyu, na taya wani abokin aiki nemo kuskure a lissafinsa, na saurari baƙin da suka ce minti biyar kawai suke so. Na gaji tiɓis, amma aikin da aka ɗauke ni dominsa ko motsi bai yi ba. Haka na naɗe kwamfuta na tafi da ita gida, na yi rahoton cikin dare, ido na rufewa.

Na daɗe cikin wannan hali kafin na gane inda gizo ke saƙa. Aiki mai muhimmanci ba shi da baki. Waya tana ƙara, imel yana faɗowa, mutum yana ƙwanƙwasa ƙofa, amma rahoto da tsarin shekara mai zuwa da karatun da zai ɗaga ka a sana'arka ba sa kiran kowa. Suna zaune shiru suna jiran ragowar lokaci, ita kuwa ragowa ba ta samuwa a hannun mai hidima da yawa. Duk matakan da za su biyo baya abu guda suke nema: a yanka wa wannan aikin gurbinsa a cikin yini, a tsare masa shi, a kuma yarda cewa sai an sauke wasu kaya kafin ya samu wurin zama.

Mataki na farko: auna kafin ka taɓa komai

Duk wanda ka tambaya ina lokacinsa ke tafiya zai ba ka amsa nan take, kuma galibi amsar ta kauce. Ba ƙarya yake yi ba. Zuciya ce take riƙe abin da aka yi niyya, ta watsar da abin da aka yi. Tun a 1967 masanin harkar gudanarwa Peter Drucker ya ja hankali cewa shugaban da ya san abin da yake yi yakan fara ne da gano inda lokacinsa ke zurarewa, a rubuce, a daidai sa'ad da abin ke faruwa, kafin ya zauna tsara wani abu.

Ka ajiye takarda da biro kusa da hannunka. Duk bayan rabin awa ka rubuta abin da ka yi cikin kalma uku ko huɗu: ƙarfe 9, imel; 9 da rabi, imel da waya; ƙarfe 10, zaman sashe; 11, neman fayil. Kada ka gyara halinka don takardar ta yi kyau, kada kuma ka bari sai yamma ka cike ta da ka, don a nan ne zuciya za ta sake yi maka kwaskwarima. Kwana biyar na aiki sun isa. A rana ta ƙarshe ka haɗa lissafi: awa nawa suka tafi a ainihin aikinka, nawa a zama, nawa a saƙonni, nawa a aikin wasu, nawa a jira, nawa a latsa waya.

Da na yi nawa, abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Ko sau ɗaya a makon ban samu awa guda cur ina kan abu guda ba. Sannan da yawa daga cikin katsewar ba wani ne ya shigo ba, ni ne nake ɗaga hannu in duba saƙo da zarar aiki ya fara tsauri. Ka adana takardar nan, za mu sake komawa kanta.

Mataki na biyu: sauke kayan da ke kanka

Ƙwaƙwalwa ba ta da amana wajen ajiya. Za ta tuna maka kiran da ba ka yi ba da ƙarfe biyun dare, ta manta da shi da hantsi lokacin da wayar take hannunka. A 1927 Bluma Zeigarnik, mai binciken halayyar ɗan Adam, ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi a Jamus, inda ta ga mutane sun fi tuna aikin da aka katse su a kai fiye da wanda suka kammala. A 2011 kuma E. J. Masicampo da Roy Baumeister suka nuna cewa ba lallai sai an gama aikin hankali yake kwanciya ba. Da zarar mutum ya tsara takamaimai yadda zai yi shi, faɗowar da yake yi masa a rai tana raguwa.

Don haka ka ware awa guda ka zazzage duk abin da ke kanka: alkawarin da ka ɗauka a tsaye a bakin ƙofa, takardar da ke jiran sa hannu, kiran da ake binka, har abin da ya shafi gida. Komai ya tafi wuri guda. Littafi ne ko manhaja, ba ni da zaɓi, muddin dai guda ce kuma kullum tana tare da kai. Na ga masu ɓata mako suna gwada manhajoji, aikin kuwa yana nan jibge.

Sai ka bi jerin ɗaya bayan ɗaya ka mayar da kowane abu aikin da hannu zai iya kamawa. "Kasafin kuɗi" suna ne kawai, ba wanda ya san ta inda zai fara shi, shi ya sa ido yake tsallake shi kullum. "Kira ma'aji ya turo alƙaluman wata ukun da suka wuce" kuwa ana iya yin sa yanzu. Yawancin abin da muke kira kasala daga nan yake tasowa: an rubuta dutse, ba a rubuta tsakuwar farko da za a ɗauka ba.

David Allen, marubuci kan tsara ayyuka wanda tsarinsa ya yaɗu daga 2001, yana da wata ƙa'ida mai amfani a nan: abin da bai wuce minti 2 ba, yi shi nan take, don rubuta shi da sake nemo shi sun fi yin sa tsada. Amma ka kula, lokacin tantance jeri ake amfani da ita. In ka shigo da ita tsakiyar babban aiki, 'yan minti bibbiyun nan za su cinye maka safiya.

Mataki na uku: raba gaggawa da muhimmanci

A wani jawabi da ya yi a 1954, shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya ruwaito maganar wani tsohon shugaban kwaleji cewa matsalolinsa iri biyu ne, na gaggawa da masu muhimmanci, kuma na gaggawar ba su da muhimmanci, masu muhimmancin kuma ba sa zuwa da gaggawa. Daga nan aka samo rabon ayyuka gida huɗu da ake koyarwa har yau. Abin da ya haɗa gaggawa da muhimmanci, a yi shi yanzu. Mai muhimmanci marar gaggawa, a sa masa rana da lokaci. Mai gaggawa marar muhimmanci, a danƙa wa wani ko a taƙaita shi. Wanda ba shi da ko ɗaya, a soke shi.

Faɗa da sauƙi. Wahalar ita ce gaggawa tana zuwa sanye da rigar muhimmanci, musamman in mai kawo ta ya shigo yana haki. Tambaya biyu nake yi wa kowane aiki. In ban yi shi yau ba, me zai lalace, kuma a hannun wa? In na yi shi da kyau, nan da wata shida akwai wanda zai ga alamarsa? Ta farko tana tona gaggawar ƙarya, ta biyu tana fito da aikin da ba shi da baki.

Gida na biyu shi ne wanda ake zalunta, kuma shi ne idan aka yi sakaci da shi yake rikiɗa ya koma gobara. Rahoton da aka ba ka mako uku ka yi, ranar da aka ba ka shi ba gaggawa ba ne. Daren ƙarshe ne ya zama haka.

Daga jerin nan, kowace rana ka zaɓi abu uku kacal, ka kuma ja layi a ƙarƙashin ɗaya, wanda in shi kaɗai ka yi za ka koma gida da kwanciyar rai. Na san akwai mai cewa nasa goma ne kuma duk dole ne. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Goman nan ba za su yiwu ba ko ka zaɓa ko ba ka zaɓa ba, bambancin kawai shi ne ko kai za ka yanke waɗanda za su jira, ko kuwa ƙarar waya ce za ta yanke maka.

Mataki na huɗu: ba aiki gurbi a kalanda

Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma a nan zan daɗe.

Jerin ayyuka yana gaya maka abin da za ka yi, amma bai san yini yana da iyaka ba. Za ka iya rubuta aikin awa goma sha huɗu a kansa bai ce uffan ba. Kalanda kuwa ba ta da kara: in gurbi ya cika, ya cika. Saboda haka abubuwa ukun da ka zaɓa, kowanne ka buɗe kalanda ka yanka masa lokaci kamar yadda kake yanka wa ganawa da babban baƙo. "Talata, ƙarfe 8 da rabi zuwa 10, rubuta sashen farko na rahoto, a teburina, waya a aljihun tebur." Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya tattara bincike a kan haka a 1999: mutumin da ya ƙayyade yaushe da ina da yadda zai yi abu ya fi cika niyyarsa fiye da wanda ya tsaya a kan "zan yi". Dalilin a bayyane yake. An riga an yanke shawara tun jiya, in lokacin ya yi ba sauran ciniki da zuciya.

Wane lokaci za ka ba babban aikin? Koma ga takardar awonka ka duba sa'ar da kanka ya fi sauƙi, tunani yana gudu ba tare da turawa ba. Ga mutane da yawa awannin farko na safe ne, wasu kuma sai rana ta yi sanyi suke dawowa hayyacinsu. Ko yaushe ne naka, wannan shi ne lokacinka mafi tsada, kuma abin takaici shi muka fi bayarwa kyauta ga imel. Cike fom, sa hannu, amsa saƙonni da shirya fayil duk ana iya yin su da gajiyayyen kai. Rubutu, nazari da yanke shawara mai nauyi ba sa yiwuwa haka. Ka fara da awa ɗaya da rabi a rana. In ka riƙe ta kwana biyar, ka samu awa bakwai da rabi na tsantsar aiki a mako, kuma ina tabbatar maka za ka ga bambanci a abin da ke fita daga hannunka.

Sai batun ƙiyasi, wanda a nan ne tsarin mutane da yawa yake karyewa. Ɗan Adam bai iya auna tsawon aikin da ke gabansa ba. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan rauni a 1979. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa suka gwada shi a kan ɗaliban jami'a a Kanada masu rubuta kundin kammala karatu. Da aka tambaye su, a matsakaici sun ce kwana 33.9 zai ishe su. Da aka ce su ƙaddara komai ya dagule, suka ce kwana 48.6. Abin da ya ɗauke su a zahiri shi ne kwana 55.5, wato ko mummunan zaton nasu bai kai gaskiya ba. Manyan ayyuka ma ba su tsira ba. Shahararren gidan wasannin nan na birnin Sidni a Ostireliya an tsara gama shi a 1963 a kan dalar ƙasar miliyan 7, amma sai a 1973 aka buɗe shi, bayan ya lashe miliyan 102.

Maganin shi ne ka daina tambayar zuciyarka, ka tambayi tarihi. Irin wannan rahoton, wancan karon awa nawa ya ci? Wannan adadin za ka rubuta, ko da ranka yana gaya maka wannan karon daban ne. In sabon aiki ne da ba ka taɓa yi ba, ni nakan ƙara rabin abin da na ƙiyasta a kai: awa biyu ta koma uku.

Kada kuma ka cike kalanda dam. Yinin da aka tsara daga farko har ƙarshe ba tare da sarari ba, kira ɗaya daga sama ya isa ya rushe shi. Ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na yinin a buɗe domin abin da ba a zata ba, wanda kullum sai ya zo. In aikinka irin na amsa buƙatun jama'a ne, kamar likita ko mai kula da ma'aikata, ka bar rabi. Tsakanin zama da zama ka sa minti goma, don mutum ba ya tashi daga wata magana ya faɗa wata da cikakken hankali.

Akwai kuma ɗaya ɓarin. A 1955 wani masanin tarihi ɗan Birtaniya, Cyril Northcote Parkinson, ya rubuta a mujallar The Economist cewa aiki yakan kumbura ya cike duk lokacin da aka ba shi. Wannan bai ci karo da abin da na faɗa a sama ba. Babban aiki mai sarƙaƙiya shi ake yi wa ƙiyasi da yalwa. Ƙananan ayyuka marasa ƙarshe, irin su imel da gyaran jimlar da ta riga ta gyaru da ƙawata takardar da mutum uku za su karanta, su ake ɗaure wa wa'adi. Ka ce minti 30 ne, in sun cika ka rufe.

Mataki na biyar: tsare gurbin

Yanka gurbi ya fi tsare shi sauƙi. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna yadda ma'aikata ke aiki a gaban kwamfuta. A 2004 ta tarar mutum yakan yi kimanin minti biyu da rabi a kan abu guda kafin ya juya zuwa wani. A 2012 ya sauko zuwa daƙiƙa 75, a awon baya-bayan nan kuma kimanin daƙiƙa 47. Kowane juyi yana da kuɗinsa. Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa in ka bar aiki ba ka gama ba ka koma wani, wani ɓangare na hankalinka yana maƙale a na farkon, sai na biyun ya samu raguwar kai. Taura biyu dai ba ta taunuwa.

To, ga abin yi in lokacin gurbin ya zo. Waya ta bar kan tebur, ta shiga jaka ko aljihun tebur. Kife ta bai isa ba, hannu ya san hanya. In kana tsoron kiran gaggawa daga gida ko daga shugabanka, wayoyin yanzu suna da tsarin da zai toshe kowa ya bar lambobin da ka zaɓa. Rufe imel da WhatsApp na kan kwamfuta gaba ɗaya. Ajiye farar takarda a gefe: duk abin da ya faɗo maka, "af, ban kira wane ba", rubuta shi ka ci gaba.

Saƙonni kuma a yi musu lokaci, kamar sau uku a yini: bayan gurbin safe, da tsakar rana, da kafin tashi. A 2015 Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn sun sa mutum 124 duba imel sau uku kacal a rana na tsawon mako guda, wani makon kuma yadda suka ga dama. A makon taƙaitawar damuwarsu ta ragu. Ka sanar da abokan aikinka tsarin, ka ce in abu ya ƙone a kira ka. Za ka ga yadda abin da ya cancanci kira bai da yawa.

Mai shigowa da ƙafarsa ya fi wuya, don ba a son a ɓata zumunci. Ba sai ka ɗaure fuska ba. Ɗago kai ka ce: "Ɗan'uwa, yi haƙuri, ina tsakiyar wani abu ne. Ƙarfe goma sha ɗaya zan zo in same ka da kaina." Sai ka cika. In ka cika sau uku, ya gane cewa jinkirin ba wulaƙanci ba ne. In kuwa katsewar ta zama dole, ɗauki rabin minti ka rubuta inda ka tsaya da abin da za ka yi na gaba kafin ka tashi. Layi ɗayan nan shi zai dawo da kai kan hanya ba tare da lalube ba.

Wata rana kuma ba kowa ya hana ka, kai ne ka kasa farawa. Ka zauna, ka gyara tebur, ka sake karanta saƙon da ka riga ka karanta. Jan ƙafa irin wannan yawanci gudun wani abu ne da aikin ke tayarwa a rai: tsoron kada ya fita da muni, ko rashin sanin ta inda za a kama. A ƙarshen shekarun 1980 wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya yi maganin nasa da ƙaramin agogon kicin mai siffar tumatir, wanda daga sunansa a harshensu aka samo sunan dabarar, Pomodoro. Minti 25 na aiki ba ɗagowa, minti 5 na hutu, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai tsawo. A ganina babban amfaninta a farawa yake. Ba ka yi wa kanka alkawarin gama rahoto ba, minti 25 kawai ka ɗauka, kuma an yarda rubutun farko ya fita a karkace. In ƙararrawa ta buga ka ga aiki ya kama, kada ka tsaya don cika ƙa'ida, ci gaba abinka.

Mataki na shida: zama, da cewa a'a, da danƙa aiki

Zaman awa guda na mutum takwas awa takwas ya ci, kwatankwacin yinin ma'aikaci sukutum. Kafin ka amsa gayyata, tambayi abin da za a yanke a wurin da kuma abin da ake so daga gare ka. In sanarwa ce kawai, a rubuto. In kai ne mai kira, tura ajanda tun kafin ranar, yanka minti 25 ko 50 maimakon rabin awa ko awa, kada kuma a tashi sai an faɗi wa zai yi me, zuwa yaushe. Marubuci kuma masanin kwamfuta Paul Graham ya lura a 2009 cewa ga mai aikin da ke buƙatar dogon tunani, zama ɗaya a tsakiyar yamma yana raba ta gida biyu, kowanne ya yi kaɗan ga aiki mai nauyi. Don haka gwamma a jera zama a jere a gefe ɗaya na yini da a warwatsa su.

Cewa a'a kuwa, musamman ga na gaba da kai, akwai yadda ake yi ba tare da kalmar ta fito ba. Ka nuna masa kayan da ke hannunka ka bar masa zaɓi: "Ranka ya daɗe, yanzu haka ina kan rahoton Alhamis da shirin taron hukumar gudanarwa. In na karɓi wannan, ɗaya daga cikinsu sai mako mai zuwa. Wanne kake so in gabatar?" Shugaba mai hankali zai gode maka, don sau da yawa ya manta abin da ya riga ya ɗora maka. Abin da ke zubar da mutunci shi ne ka ce "to" da murmushi, ranar karɓa ta zo ka fara kame-kame. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In akwai na ƙasa da kai, danƙa musu aiki da cikakken bayani: sakamakon da ake so, ranar da ake so, iyakar abin da za su yanke da kansu, da ranar da za ku zauna ku duba tare tun da sauran lokaci. Karon farko zai fi cin lokaci fiye da ka yi da kanka, kuma ba zai fita yadda hannunka zai fitar ba. Ka daure, ka gyara da baki, kada ka karɓe. In ka karɓe sau ɗaya, aikin ya dawo wuyanka har abada, shi kuma bai koyi komai ba.

Mataki na bakwai: rufe yini, duba mako

Minti goma kafin tashi, ka tsaya. Soke abin da ka gama, mayar da abin da ya rage wani gurbi na ainihi, zaɓi ukun gobe, ka buɗe fayil ɗin da za ka fara da shi ka bar shi a shirye. Wanda ya yi haka yakan shigo da safe ya zauna kai tsaye, wanda bai yi ba kuma imel ne zai tsara masa yininsa. A ranar ƙarshe ta makon aiki ka ƙara rabin awa: bi jerinka duka, dubi kalandar mako biyu masu zuwa, yanka gurabun babban aiki tun kafin wasu su cike maka su.

Ka sa lokacin tashi a kalanda shi ma, ka girmama shi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa dogon aiki ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Mai yin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya ɗara na mai yin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Lokacin da ka ƙwato da waɗannan matakai, kada ka mayar da shi duka cikin ofis. Barcin da bai gaza awa bakwai ba, wanda likitoci ke ba babba shawara, shi ne yake sa awa ɗaya da rabin safe ta yi albarka.

Wata rana tsarin zai rushe tun ƙarfe tara, kuma ba laifinka ba ne. Idan haka ta faru, da zarar ƙura ta lafa ka ɗauki minti biyar ka sake raba abin da ya rage na yinin, ka fara da abin da ka ja wa layi, ko da rabin awa ce ta samu. Kada ka ɗauki matakan nan bakwai a rana guda. Makon farko awo kawai, na biyu jeri da abu uku, na uku sai gurbin safe.

In kuwa ka yi duk wannan, mako uku a jere gurbin yana rushewa kuma har yanzu kana tafiya da kwamfuta gida, to kayan ne suka fi ƙarfin mutum ɗaya. Ɗauko takardar awon nan ta mataki na farko, haɗa ta da jerin abin da ke hannunka da awannin da kowanne yake ci, ka nemi minti goma sha biyar wurin shugabanka. Shimfiɗa masa su a kan tebur, ka nuna masa jimillar awannin da ake buƙata da waɗanda ake da su, sannan ku bi jerin tare, layi bayan layi, ku fitar da wanda za a soke, da wanda za a ɗage, da wanda za a ba wani.